Kurakuran da Ke Kayar da Matasan Karkara a Ƙungiya da Siyasa, da Gyaransu

A ƙauyukan Kano da Jigawa, yawancin ƙungiyoyin matasa a dandali ake kafa su bayan sallar isha'i, ranar da wani abu ya ƙure haƙurin jama'a. Ko rijiyar burtsatse ta lalace, ko ruwa ya cinye hanyar kasuwa, ko iska ta kwashe rufin firamare. A daren za a naɗa shugaba, a raɗa suna, kowa ya koma gida da ƙarfin gwiwa. Kafin damina ta zagayo ba a ƙara jin ɗuriyar ƙungiyar. Kishi kam akwai shi. Abin da ake rasawa ƙananan abubuwa ne da ake rainawa, kuma mafi yawansu a takarda suke.

Ƙungiyar da ba ta da littafi

Kuskuren farko shi ne dogaro da "ai duk mun san juna". Sanin junan nan ne ke hana a tambayi ma'aji lissafi, don ɗan kawu ne ko surukin wani. Tun taron farko a sayi littattafai uku masu kauri. Na farko rajistar mambobi: suna, unguwa, lambar waya, sana'a. Na biyu na bayanan taro: kwanan wata, waɗanda suka halarta, abin da aka yanke, da sunan wanda aka ɗora wa kowane aiki. Na uku na kuɗi, shiga a shafin dama, fita a na hagu. Sai tsarin mulki, wanda bai kamata ya wuce shafi uku ba, kuma da Hausa za a rubuta shi don kowa ya ji abin da ya amince da shi. Ya fayyace wa'adin shugabanni (shekara biyu ta isa), yawan mutanen da sai sun hallara taro ke ƙulluwa, kuɗin wata, da yadda ake sauke shugaban da ya saɓa. Wannan na ƙarshe shi ake tsallakewa saboda kunya, kuma shi ake nema ranar da rigima ta tashi.

Kan kuɗi a tsaya sosai, don nan ne ƙungiyoyi suka fi mutuwa. Ana tara kuɗi a hannun mutum ɗaya, ko a asusunsa na waya. Damina ta faɗi, taki ya yi tsada, sai ya taɓa da niyyar mayarwa da kaka. Ba lallai ne ɓarawo ba, matsi ne, amma in amfanin gona bai yi kyau ba kuɗin sun tafi, zumunci ma ya bi su. A buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, masu sa hannu uku, sai biyu sun sa kafin a cire ko kwabo. Inda banki ke da nisa, a yi akwatin ƙarfe mai kwaɗo biyu, mukullai a hannun mutum biyu da ba gida ɗaya suke ba, a kuma ƙayyade iyakar abin da zai kwana a ciki. A kowane taro ma'aji ya miƙe ya karanta lissafi da babbar murya: an tara kaza, an kashe kaza, saura kaza, ga rasit. Kuɗin wata kuma kada a tsawwala. Naira 200 da kowa zai iya bayarwa ranar kasuwa ta fi dubu biyun da mutum biyar kaɗai za su biya, daga baya su ɗauka ƙungiyar tasu ce.

Wasu kuma tun ba su yi aiki ko ɗaya ba sun fara fafutukar rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta ƙasa. Wannan rajistar tana buƙatar amintattu, da buga sanarwa a jaridu, da jiran kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi, ga kuɗin lauya. A fara da rajista a sakatariyar ƙaramar hukuma, sashen da ke kula da ƙungiyoyin taimakon kai da kai. In kuwa manoma ne masu neman rance ko kayan noma, rajistar ƙungiyar gama kai ta jiha ta fi dacewa da su.

A lura da ci-rani wajen zaɓen shugabanni. In aka ba wa waɗanda ke tafiya Legas ko Abuja bayan girbi muƙamin sakatare da ma'aji, ƙungiya za ta yi barci daga kaka har faɗuwar ruwa, alhali lokacin ne ake da sararin aikin gayya. Waɗannan kujeru biyu na mazauna gida ne. 'Yan ci-rani su riƙa turo gudummawarsu, a riƙa tura musu hoton shafin lissafi.

Dattawa

Matashi mai zafin kai yakan ga zuwa gaban mai unguwa ɓata lokaci ne. Sai a tara jama'a za a yashe magudana ko a sare kachalar da ta toshe hanyar ruwa, irin wadda ta addabi garuruwan bakin kogin Haɗeja, sai wani ya fito ya ce nan iyakar gonarsa ce, aiki ya tsaya. Da an bi ta hannun mai unguwa zuwa dagaci, shi ne zai kira mai gonar tun kafin ranar. Mutum uku sun isa zuwa, a cire takalmi, a durƙusa: "Ranka ya daɗe, 'ya'yanka ne suka zo neman izini da albarka. Muna so mu gyara magudanar gabas ranar Asabar." A kuma roƙi liman ya sanar bayan sallar Juma'a. Sai dai kada a zarce a sa dattawa cikin masu gudanarwa. A ba su matsayin iyayen ƙungiya. In dagaci yana zaune a taron lissafi, babu yaron da zai iya buɗe baki ya ce bai gamsu ba.

Ranar da ɗan takara ya kawo buhu

Wannan shi ne ramin da ya fi cin ƙungiyoyi masu kyau. Da an kaɗa gangar siyasa sai ɗan takara ya aiko da riguna da ƙwallo da ambulan, a rataya hotonsa a ƙofar ofis, a sauya wa ƙungiya suna ta koma ta goyon bayan wane. Daga ranar rabin mambobi, waɗanda ke wata jam'iyyar, sun janye. In ya faɗi, wanda ya ci zai ɗauke ku 'yan adawa, shekara huɗu ba a duba takardarku. In ya ci, a ganinsa ya riga ya biya ku. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

A rubuta a tsarin mulki cewa kowane mamba yana da 'yancin jam'iyyarsa, amma ƙungiya ba ta da jam'iyya. Shugaban da zai tsaya takara ko zai karɓi muƙami a kwamitin yaƙin neman zaɓe ya sauka tukuna. Gudummawa in ta zo a karɓa a bainar jama'a, a rubuta a littafi, kuma a fi son kayan aiki, kamar siminti ko bututun famfo, a kan tsabar kuɗi. Abin da ya fi amfani shi ne a rubuta buƙatun gari guda uku kacal, a gayyaci duk 'yan takarar kansila da na majalisar jiha ɗaya bayan ɗaya, a karanta musu, a nemi wanda ya amince ya sa hannu. Takardar ba ta da ƙarfin doka, amma tana da ƙarfin kunya ranar da ya dawo neman ƙuri'a.

Masu son shiga siyasa da kansu

Da yawa suna ɗauka bin ayarin motoci da ɗaga kwali shi ne shiga siyasa. Wurin da ake raba iko shi ne mazaɓa, kuma tun kafin hayaniya ta fara. Kano tana da mazaɓu 484 a ƙananan hukumomi 44, Jigawa tana da 287 a ƙananan hukumomi 27, kuma a kowace mazaɓa jam'iyya tana da shugaba da sakatare da shugaban matasa da shugabar mata. Daga nan daliget ke fitowa. Wanda ba shi da katin jam'iyya, ko yana da kati amma sunansa ba ya cikin rajistar mazaɓa, ɗan kallo ne ranar zaɓen fid da gwani komai yawan magoya bayansa. A yanki kati, a duba suna a rajistar da ido, a riƙa halartar taron mazaɓa a lokacin da ba a raba komai. Masu zuwa a irin wannan lokaci su ake tunawa ranar cike gurbi.

Dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 31 ga Mayu 2018 ta rage shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25, ta shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35. Gwamna da sanata suna nan a 35. Amma ba ta kawo takara ba tare da jam'iyya ba, ba ta kuma rage kuɗin fom ba. Kuskure ne matashin da bai taɓa riƙe ko sakataren mazaɓa ba ya sayar da gonar gado ya nufi majalisar tarayya. Kujerar kansila ita ce makaranta, kuma zaɓenta ba na INEC ba ne. Hukumar zaɓe ta jiha ke shirya shi, KANSIEC a Kano, JISIEC a Jigawa, kowace da jadawalinta da sharuɗɗanta, sai a je a karɓo su da wuri.

Akwai wani abu ƙarami da ke kayar da mutum tun kafin a jefa ƙuri'a: saɓanin takardu. A shaidar firamare sunan mahaifi, a ta sakandare sunan gari, a katin ɗan ƙasa wata shekarar haihuwa daban. Abokin hamayya abin da lauyansa zai fara nema ke nan. A daidaita su shekara guda kafin takara. Ma'aikacin gwamnati kuma, ko malamin firamare ne, tsarin mulki ya ce ya ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin zaɓe.

Katin zaɓe ma haka. Zaɓukan 2023 an yi su ne ranar 25 ga Fabrairu da 18 ga Maris, tsakiyar ci-rani. Wanda ya yi rajista a inda yake neman kuɗi ba zai jefa ƙuri'a a ƙauyensu ba sai ya nemi INEC ta mayar da rajistarsa gida, kuma ana rufe wannan tun da sauran watanni. Sake sabuwar rajista laifi ne. Wanda aka ba wakilcin jam'iyya a akwati kuma kada ya tafi cin abinci ko murna da an gama ƙirga. Ya tsaya har a cike takardar sakamako ta EC8A a gabansa, ya gwada alƙaluma da abin da aka ƙirga, ya sa hannu, ya karɓi kwafinsa, ya raka ta wurin tattara sakamako na mazaɓa.

Jagaliya kuwa ba ta buƙatar dogon bayani. Wanda ya ba ka ƙwaya da gora ba zai ba ka muƙami ba, kuma in aka kama ka iyayenka ne za su yi zaryar ofishin 'yan sanda. Zagi da ƙazafi a Facebook ma yana kai mutum gaban alƙali. A soki aiki da hujja da hoto, a bar mutuncin iyalin mutane.

'Yan mata da takardar koke

Taron dare a majalisar maza ya riga ya kori mata tun kafin a gayyace su, alhali su ne suka fi sanin ranar da asibiti ba ma'aikaci da ranar da famfo ya ƙafe. A mayar da wasu tarukan ajin firamare ko Islamiyya bayan la'asar, a nemi izinin iyaye da mazaje, a ba su kujera mai nauyi. Matar da ta riƙe adashe shekaru ba a ji kanta da kowa ba ta fi cancanta da littafin kuɗi. Su da maza duka su nemi gurbi a kwamitin kula da makaranta da kwamitin ci gaban mazaɓa mai sa ido kan asibitin matakin farko. Kujeru ne da hukuma ta san da su, kuma sau da yawa ba mai nemansu.

Koke kuma yakan mutu ne saboda an kai shi ƙofar da ba tasa ba, ko an tara buƙata goma a takarda ɗaya. Rufin firamare na sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ne da SUBEB (hukumar ilimin matakin farko ta jiha), burtsatse na sashen ayyuka ne da hukumar ruwan karkara. Takarda ɗaya, buƙata ɗaya: sunan makaranta, aji nawa suka lalace, yara nawa ke zama a ƙasa, hoto biyu, sa hannun shugaba da sakatare da tambarin dagaci. A yi kwafi uku, a tabbata an buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan wanda za a dawo da shi gida, a aika ɗaya ga ɗan majalisar jiha. Lokaci ma yana da muhimmanci, don gwamna yana kai kasafin kuɗi majalisa ne a ƙarshen shekara, saboda haka babban aiki kamar hanya ko gada a shigar da takardarsa tun watan Yuli ko Agusta. Bayan mako biyu mutum biyu su koma da kwafin mai hatimi su tambayi teburin da ta kai, su rubuta sunan ofishin da ranar a littafin taro, a kuma sa ranar komawa ta gaba kafin a tashi.