Kurakuran da sababbin zuwa ke yi a yankin Languedoc na kudancin Faransa

Duk shekara baƙi suna isowa Languedoc, yankin gonakin inabi da ke gaɓar Bahar Rum wanda ya haɗa da biranen Montpellier da Narbonne, kuma duk shekara kurakuran nan dai su ne ake maimaitawa, domin mutum yakan tsara zamansa bisa abin da ya gani a watan Yuli, alhali yankin yana sauyawa ƙwarai daga wannan lokaci na shekara zuwa wancan.

Mafi ciwo a cikinsu shi ne na haya. A garuruwan bakin teku kamar Sète da Agde, masu gidaje da yawa suna ba da ɗaki da kayansa cikin rahusa daga Satumba zuwa Yuni, sannan su karɓe abinsu su bai wa 'yan yawon buɗe ido da tsada. Baƙo sai ya ga araha ya sa hannu ba tare da ya duba ranar ƙarewar yarjejeniyar ba. Na ga magidanci a ƙarshen Yuni yana ɗaure katifa a saman mota, yaransa na zaune a kan akwatuna, a daidai lokacin da ko ɗaki ɗaya ba a samu a garin. Wannan sakaci ne, kuma iyali ne ke shan wahalarsa. Ni dai ba na sa hannu sai a kan yarjejeniyar shekara guda mai sabunta kanta, kuma na fi son in matsa ciki, wajen Béziers, da in maƙale a bakin ruwa.

Na biyu shi ne raina ruwan sama. Wai don ana cewa ƙasar rana ce, sai mutum ya kama ƙasan bene kusa da busasshen rafi. Da kaka, iska mai ɗumi da laima takan taso daga teku ta ci karo da duwatsun yankin, irin su Cévennes, sai ruwan watanni ya zuba a yini guda. Haka aka yi a gundumar Aude a Nuwamban 1999, da gundumar Gard a Satumban 2002, da garin Trèbes a Oktoban 2018, kuma kowane karo an rasa rayuka. Doka ta wajabta wa mai gida ya ba ɗan haya takardar da ke bayyana haɗurran wurin, saboda haka ka nema ka karanta, kuma kada ka taɓa shiga da mota hanyar da ruwa ya rufe.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Bizar dogon zama ana tabbatar da ita ta intanet cikin wata uku da isowa. Aikin tsinkar inabi, wanda ke kankama daga ƙarshen Agusta, kada a karɓe shi babu yarjejeniya da takardar albashi. A tanadi rigar sanyi, domin iskar tramontane tana ratsa ƙashi da hunturu. A ƙauyuka shaguna sukan rufe da tsakar rana, kuma shiga ba gaisuwa rashin ladabi ne. Wanda ba ya shan giya ya faɗa a fili, ba sai ya guje wa gayyatar maƙwabta ba.

Game da zagaya yankin kuwa, na fi son Mayu ko Oktoba, a kan keke, a gefen Canal du Midi, hanyar ruwa da aka haƙa aka buɗe a 1681, domin da bazarar can, wajen Yuli da Agusta, hukuma takan rufe wasu dazuzzuka saboda gobara, hanyoyin bakin teku kuma su cushe.