Yadda na sa ɗakin matuƙi ya zauna a Spitfire ɗina

Na sayo kayan ɗakin matuƙi na resin (wata irin roba mai tauri da ake zubawa a mazubi) don ɗan samfurin roba na Spitfire, jirgin saman yaƙin Birtaniya, mai sikeli 1/48 (wato ya gaza na gasken sau 48), ashe don na wani kamfani aka zuba su. Da na sa kayan a ciki na haɗa ɓarin gangar jirgin biyu, suka ƙi rufuwa, tazara kamar kaurin farce.

Kauri ne matsalar. Na kankare zanen cikin gangar da reza, na bi bayan bangon resin da jiƙaƙƙiyar samfefa, don ƙurarsa na cutar da huhu, har sai da hasken fitila ya fara ratsa shi. Guntun rarar resin da ke ƙarƙashin daɓen ɗakin kuwa, ƙaramin zarto ya raba mu. Sai a gwaji na shida, ɗaure da salatif, gangar ta rufu ruf. Gam ɗin roba ba ya kama resin, sufa gulu na ɗiga.