Yadda za ka yi rajista a laburaren Murtala, har ma ka ba da gudummawa

Da farko dai ka je da kanka, laburaren Murtala Muhammad yana kan titin Ahmadu Bello a Kano, kada ka aiki ƙaninka. Ka tafi da katin shaida, na ɗan ƙasa ko na makaranta, da hoton fasfo ko za a nema.

Kana shiga ka gaida ma'aikatan da ke kanta sannan ka ce fom ɗin rajista kake so, ka cika a nutse, ka tambayi kuɗin rajista kuma ka karɓi rasit.

To katin laburaren ya zo hannu, kada ka tsaya iya ɗakin karatu, zagaya ka ga sashen yara da wajen jaridu, ka tambaya ko akwai kwamfuta da intanet, wallahi da yawa ba su san da su ba shi ya sa nake ta nanatawa.

In kuma aikin sa-kai ne a ranka, nemi shugaban sashe ka faɗa masa abin da ka iya, ko jera littattafai ko karanta wa yara labari ko taimaka wa masu shirin JAMB, ku tsayar da rana. Ranar ta zo ka je a kan lokaci don Allah, yaran nan jiranka suke.