Matakan neman mafita idan bashi ya yi maka katutu a Amurka

Da farko, baje takardunka a tebur: kowane katin bashi, nawa ake binka, nawa ne kuɗin ruwansa, da abin da ke shigo maka a wata. Ciro rahoton bashinka kyauta a AnnualCreditReport.com, don ba wuya ka tarar da wani tsohon bashi da ka manta.

Na biyu, kira ƙungiyar ba da shawara wadda ba riba take nema ba. Duba ko tana cikin NFCC, gamayyar irin waɗannan ƙungiyoyi masu ba da shawara kan bashi, wadda aka kafa a 1951. Zaman farko yawanci kyauta ne.

Na uku, idan suka kawo maka tsarin biya, ka fahimce shi sosai. Sau ɗaya za ka riƙa biyansu a wata, su rarraba wa masu binka, bayan sun nemi a rage kuɗin ruwa. Uwar kuɗin dai tana nan daram. Shekara 3 zuwa 5 ake yi, kuma za a rufe katunan, abin da a ganina alheri ne.

Masu alkawarin sa a yafe maka rabi kuwa, yi hattara. Sukan ce ka daina biya, sunanka ya ɓaci, har a iya maka ka a kotu. Ƙa'idar da FTC, hukumar tarayya mai kare masu saye, ta kafa a 2010 ta hana masu tallar wannan ta waya karɓar lada kafin su sasanta bashi. Abin da aka yafe ma, idan ya kai dala 600, ana sanar da IRS, hukumar haraji ta Amurka, tana iya neman haraji a kansa.

Kafin ka sa hannu, karɓi komai a rubuce.