Masu cin irin flaks, ku riƙa niƙa shi tukuna

Jama'a, in kuna haɗiye irin flaks (ƙananan 'ya'yan wani tsiro da ake kira flax da Turanci) yadda yake, yawancinsa wucewa yake yi ya fita ba tare da jiki ya amfana ba. Ɓawonsa mai santsi ne kuma mai tauri, hanji ba ya iya fasa shi. Ku niƙa kaɗan, wanda zai kai mako guda, ku zuba a kwalba mai murfi ku sa a firji. Kusan kashi 40 cikin ɗari na irin nan mai ne, da zarar an niƙa shi iska da zafi na saurin lalata shi. In kun ji yana warin fenti ko yana ɗaci, ku zubar.

Man nan shi ke ɗauke da omega-3 na tsirrai, wani nau'in kitse da jiki ke buƙata. A wani bincike da aka yi a Winnipeg ta Kanada, aka wallafa a 2013, masu ciwon toshewar jijiyoyin jini na ƙafa sun ci giram 30 na niƙaƙƙen irin kullum har wata shida, lambar sama ta awon hawan jininsu ta sauka da kusan maki 10. Sakamako ne mai kyau, amma ba su ajiye maganinsu ba, kada wani ya ajiye nasa.

Ku fara da ƙaramin cokali ɗaya a kan abinci, a bi da ruwa sosai, in ba haka ba ciki zai kumbura. Man flaks na kwalba ba na suya ba ne. Masu juna biyu da masu shan maganin tsinka jini su fara tambayar likita.