Mai zuwa Birtaniya digiri na uku kan ƙwayoyin gado, fara da ATAS

Duk shekara sai an ga ɗan'uwa ya samu gurbi, an yi masa addu'a, har ya sayi rigar sanyi, amma Oktoba, lokacin fara karatu, ta riske shi a gida saboda takarda guda: ATAS. Izini ne daga ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya, kuma binciken ƙwayoyin gado na cikin fannonin da ake neman sa ga ɗan Najeriya ko Nijar. Idan babu shi, babu biza.

Kyauta ne, ta intanet ake cikewa, sai dai ka ba shi aƙalla mako 6, da bazarar Birtaniya ma yakan wuce haka. Bayanin binciken da za ka saka ya zama wanda jami'a ta ba ka, kalma da kalma. Kada ka gyara don ya yi daɗin ji. Ana son masu shaida mutum 2 da suka san ka shekara 3, ɗaya malamin jami'a daga ƙasarka. Takardar na aiki wata 6 ne wajen neman biza. Kuma idan malaminka ya juya akalar binciken, ko kammalawarka ta ƙara fiye da wata 3, sabuwa za ka nema. Nan ne namu ke yin sake, alhali ofishin ɗalibai na ƙofa da ƙofa da su!

Sauran sharuɗɗan biza, gwajin tarin fuka da biyan kuɗin lafiya na fam 776 a shekara, ba wuya. Kuɗin da za ka nuna a banki dai su yi kwana 28 ba su ragu ba.

Aikin kansa a kwamfuta yake. Tsayi, hawan jini da ciwon suga, dubban ƙwayoyin gado ne ke haɗuwa kowace da ɗan tasirinta, don haka lissafi ne abincinka. Koyi manhajojin aikin, wato Linux da R da PLINK, tun kana gida. UK Biobank, rumbun bayanan lafiya da ƙwayoyin gado na Birtaniya, na da bayanan mutum kusan 500,000, galibinsu Turawa ne. In ba ka cire tasirin asalin mutane ba, za ka ga alaƙar ƙarya ka ɗauka gano wani abu ka yi. Ma'aunin hasashen cuta da aka gina a kan Turawa kuma yakan yi rauni a kan 'yan Afirka. Wannan giɓin ne namu da suka riga ka suke fitar da mu kunya a kansa. Ka neme su tun makon farko.