Yadda ɗan karkara zai zauna da gindinsa a Kano bayan ya koma aikin fim

Matashin da ya saba ɗaukar bidiyon biki da suna da saukar karatu a ƙauyukan Ringim ko Gumel ko Birnin Kudu, idan wani furodusa ya kira shi Kano domin ya riƙe masa kyamara ko ya zama editansa, abu na farko da ya kamata ya bincika shi ne yadda za a riƙa biyansa. A gida, ranar da aka watse daga biki ranar yake karɓar kuɗinsa. A masana'antar fim kuwa sallama ake yi bayan aiki, kuma tun da kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai ta ja baya, aka koma ɗora fina-finai masu dogon zango a YouTube da sayar wa tashoshi irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, shi kansa furodusan yakan jira kuɗi kafin ya biya na ƙasa da shi. Saboda haka, tun kafin ka ɗaure kaya, ka tambaya ko sallamar ta kullum ce, ko ta kowane kashi na shirin, ko albashi ne na wata, sannan ka ji wanda zai ɗauki nauyin abinci da mota idan an fita lokeshin. A yi maganar a gaban shaida, ko a rubuto maka ita ta waya, domin kunya a wannan gaɓar ita ce ke jawo rigima daga baya.

Wannan amsar ce za ta nuna maka irin masaukin da za ka iya. Masu gidaje a Kano kuɗin shekara suke karɓa gaba ɗaya, ga la'adar dillali, don haka ban ga hikimar sayar da rago ko buhunan gero a kama ɗaki tun ba a ga kamun ludayin sabon aikin ba. Ya fi kyau ka fara sauka wurin ɗan garinku, kuma samunsa ba wuya, domin direbobin tashar Yankaba sun san mutanen Ringim da Gumel da Haɗeja da ke birni, kamar yadda na Unguwa Uku suka san na Dutse da Birnin Kudu. Sai dai kada ka zama nauyi: ka riƙa biyan mai ga-ruwa, ka sa hannu a kuɗin wuta, ka kuma faɗi lokacin da kake sa ran tashi.

Idan lokacin kama ɗaki ya yi, ka nemi kusa da Titin Gidan Zoo, inda ofisoshin 'yan fim da ɗakunan tace hoto da na ɗaukar murya suka fi yawa. Sheka da Tukuntawa da Gandun Albasa duk suna kewayen. Kusancin yana da dalili: an hana acaɓa a birnin tun 2013, a 2022 kuma gwamnati ta hana A Daidaita Sahu zirga-zirga daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, alhali aikin edita sau da yawa sai dare ya raba yake ƙarewa. Ɗaki mai araha a can bayan gari zai cinye rarar a kuɗin mota, ya kuma sa ka tafiyar ƙasa da dare da kwamfuta a jaka, a garin da ƙwacen waya ya zama ruwan dare. Kafin ka biya, ka je unguwar ba tare da dillali ba, ka tambayi mai shago yadda wuta take da inda ake samun ruwa, ka dubi gindin bango ko akwai shatin ambaliyar bara. Kada ka ba da kuɗi sai ka ga mai gidan ido da ido, an rubuta maka rasit.

Wasu masu gidaje suna ɗari-ɗari da gwauro, balle an ce ɗan fim ne. Ɓoye sana'ar ba mafita ba ce, domin ranar da aka ga ana shigo da fitilu da sandar makirfo za a gane. Ka samu dattijo daga garinku ya raka ka wurin mai unguwa, ya ce: “Ranka ya daɗe, ga yaronmu, mun san iyayensa, ga kuma aikin da ya kawo shi.” Bayan haka a riƙa ganinka a masallacin layin.

Rajista kuma ba abin jinkirtawa ba ce. Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ita ke ba masu sana'ar lasisi, kuma a 2023 ta soke na kowa ta ce a sabunta. Ka tambayi MOPPAN, ƙungiyar masu sana'ar fim ta Najeriya, reshen da ya dace da aikinka, ka kuma ajiye rasit ɗin kayan aikinka a jaka.

Sai batun gida, wanda da yawa ke sakaci da shi. Kada ka saki gona: ka damƙa ta ga ƙane ko ɗan ƙodago da sharaɗi bayyananne kafin ruwan shuka ya sauka. Haka kuma kada ka sallami masu kiranka biki, musamman na bayan kaka da na gab da azumi; ka bar wa yaronka tsohuwar kyamarar, kai kuma ka riƙa tace hoton a Kano ranakun da babu aiki. Iyali su dakata tukuna har sallama ta daidaita. Sanin ƙauyen ma jari ne, domin furodusoshi kullum suna neman inda za su samu gidan ƙasa da rumbu da rijiya da kasuwar mako. Idan ka kai su garinku, ka riga su zuwa ka nemi izinin dagaci, ka daidaita abin da za a ba mai gidan da za a yi ɗauka a ciki, kuma ka tabbata an biya shi kafin motoci su tashi.